Taskirar Surukuwa

A Kucheri na tashi, a gidan kakata Inna Ige. Idan aka gama kai hatsi rumbu, sanyi ya fara sauka, bayan sallar isha'i mukan tara kara mu hura wuta a ƙofar ɗakinta. Har yau idan na ji ƙamshin gyaɗa a toka, ita nake tunawa.

Inna ba ta ba da tatsuniya kyauta. Sai an yi wasan kalma tukuna. Takan ɗauko wata tsohuwar kalma, ta ba da ma'ana uku, biyu ƙarya ɗaya gaskiya. Wanda ya dace shi zai hau buzunta ya zauna, shi kuma zai zaɓi tatsuniyar daren. Ni har lokacin ban taɓa hawa buzun nan ba. Kullum Hassana ce, 'yar baffana, domin tana wuni wajen Inna suna kaɗi, ni kuwa ina daji da awaki.

Wani dare Inna ta ce, "To, mi ake ce ma taskira? Igiyar ɗaure ƙafar jaki ce, ko tsuntsun fadama, ko ɗan kwandon auduga?"

Na yi caraf na ce tsuntsu ne, har na rantse na taɓa harbinsa da danƙo. Aka fashe da dariya. Hassana ta ce, "Gobe ka harbo mana ita, ga ta can ƙarƙashin gadon Inna cike da auduga." Na tashi zan tafi zaure, na ce ba zan sake zuwa hira ba.

"Maigidana, dawo," in ji Inna, don haka take tsokanata. "In ka tafi, wa za ya ba ni kuɗin cefane? Zamna, yau ni ka zaɓe."

Ta ba mu labarin wani ɗan Bungudu da surukuwarsa ta aika masa, ta bakin matarsa, ya sayo mata taskira a kasuwar Tsafe. Bai san ta ba. Ba zai iya tambayar surukuwa ba saboda kunya, bai kuma yarda matarsa ta gane bai sani ba. A kasuwa ma girman kai ya hana shi buɗe baki. Ya ce abu mai suna irin wannan dole ya yi nauyi, sai ya ɗauko turmi a ka. Ita ma surukuwa kunya ta hana ta cewa ba shi ba ne. Ta aiko da godiya, ta ce amma kada a manta da taskira. Kasuwa ta zagayo ya kawo akuya. Ta sake zagayowa ya kawo tulu. Kullum yana ɗibar gero a rumbu yana sayarwa, har damina ta faɗi babu iri. Da matarsa ta gane, ta kama shi suka je kasuwa. Ashe mai saƙa taskira a bakin ƙofar kasuwa take zama, kullum sai ya gaishe ta ya wuce.

Inna ta tono gyaɗa daga toka ta zuba mini a hannu. Ta ce, "Da rana ina nan, ban zuwa ko'ina. Wa ya hana ka tambaya?"

Na ce, "Ashe an yarda a tambaya?"

"Awo mana! Hassana kake zaton da sanin kalmomin aka haife ta?"

Daga nan, idan na koro awaki sai in tsaya ƙofarta in nuna abu in ce mene ne sunansa. A haka na san mazari da zunguru da akushi. Kafin sanyi ya wuce na hau buzun. Ban ma tuna tatsuniyar da na zaɓa ba, ɗumin wurin kawai nake tunawa.

Inna ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Na yi shekaru ina lodin kaya a tashar mota a Gusau, kuma na sha ɗaukar turmi irin na ɗan Bungudu. An sha miƙo mini takarda in gyaɗa kai kamar na karanta. Sai da furfura ta fito na shiga ajin yaƙi da jahilci a Sabon Gari. Malaminmu sa'ar ɗana ne.

Kwanan baya ya cika allo da rubutu, ya juyo ya ce, "Kun gane, iyayena?" Aji duka ya amsa an gane. Na ɗaga hannu na ce, "Malam, ni ban gane ba. A sake."

Ya ɗauki alli ya koma farko. Wani Alhaji direba da ke bayana ya taɓa kafaɗata, ya rage murya ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Wallahi ni ma tun jiya aka bar ni a hanya."