Ranar da Dogo Ya Ce Zai Hau Ganuwa

A tasha Dogo ake ce masa, ko da yake ba wani tsawo gare shi ba, wuya ne kawai Allah ya hore masa. Tun yana saurayi yake jan ƙaramar bas daga cikin gari zuwa gindin dutsen nan mai tsohuwar ganuwa a kansa, wadda mutane ke hayo jirgi daga wata duniya don su gani. Yakan sauke su a bakin ƙofa, su kama hawa, shi kuwa ya kwantar da kujera, ya ɗora ƙafa kan sitiyari, ya jira saukowarsu. Har furfura ta cika masa gemu bai taɓa hawa ba. In fasinja ya tambaye shi, sai ya ce, "Ni na kawo ka, kai ka gano mana."

Ciwon suga ya shige shi a hankali. Ƙafar dama, mai taka birki, ita ta fara mutuwa. Ɗan tsagewar kaushi a diddige ya zama gyambo, gyambon ya ƙi magani. Likita ya duba, ya ce sai an yanke daga ƙasan gwiwa, ya zo ranar Litinin da shirin kwanciya. Matarsa kaɗai ya gaya wa, ya kuma hana ta faɗa wa kowa.

Ranar Asabar da safe ya wanke bas fes, ya leƙa ɗaki. Autarsu tana gida da jaririnta, saboda mijinta ya tafi aiki wani gari.

"Ku shirya, yau mu ne baƙin," in ji shi.

"Da wannan ƙafar?" matar ta ce a hankali.

"Da ita dai. Ai tawa ce har yanzu."

A gindin dutsen ya karɓi zane ya ɗaure jaririn a ƙirjinsa da kansa. "Zo nan, ɓarawon mata," ya ce wa yaron. "Tunda ka zo duniya tsohuwar nan ta daina kallona." Auta ta yi dariya. Uwarta ba ta yi ba.

Matakalar dutse ce, ƙafafun mutane sun goge ta har tana santsi, ba inuwa sai ta bango. Rana ta buɗe. Baƙi masu sanduna da manyan takalma suna wuce su, wasu na yi wa jaririn murmushi. Dogo yana ɗaga ƙafar hagu ya jawo ta dama, gumi na ɗiga daga gemunsa kan hular yaron. Yaron ya fara ƙananan kuka, daga baya ya buɗe murya sosai.

Auta ce a baya da jakar kaya. Ta ga ɗigon ja a kan dutse, ta ga wani a mataki na gaba, ta bi da ido har diddigen ubanta.

"Baba, tsaya. Jini kake yi."

Shi bai ji komai ba. Suka zaunar da shi a wani lungu na bango. Da aka zare takalmin, safa ta manne da nama, wari ya taso har wata baƙuwa ta kauce tana toshe hanci. Auta ta dubi uwarta.

"Inna, tun yaushe?"

"Jibi za a yanke ta," uwar ta ce, ta juya fuska.

Auta ta durƙushe a wurin, kukanta ya haɗu da na ɗanta. Dogo ya kwance zanen ya miƙa mata yaron.

"Ba shi nono ya yi shiru. In ya ƙoshi ku ƙarasa. Kunyar duniya ce a ce gidan Dogo an zo har nan an koma."

Ta ce ba inda za ta. Ya daka mata tsawa, abin da rabonsa da yi tun tana ƙarama. Ta goya yaron ta hau, tana share hawaye da bakin mayafi. Matarsa ta zauna kusa da shi tana korar ƙudaje daga ƙafar.

Da Auta ta dawo ya ɗago kai. "To, me ke can?"

"Rusasshen bango ne, Baba, mutane sun kankare sunayensu a jiki. Sai robobin ruwa da iska mai ƙarfi. Amma ana hango gari duka."

"Tasha fa?"

"Ban gane ta ba. Komai ya zama ɗan mitsitsi."

Ya gyaɗa kai, ya daɗe yana kallon ƙasa.

Masu gadin wurin su biyu suka sauko da shi a cikin bargo. Wani direba abokinsa ya ja musu bas ɗin, Dogo yana kwance a kujerar baya, yana jin yadda ake niƙa masa giyar mota.

An yanke ƙafar ranar Litinin. Wurin bai warke ba, aka ƙara yankewa sama da gwiwa. Aka sayar da bas. Ya koma zaman bakin ƙofa, ya rame har wuyan ya ƙara tsawo. Da sandar Dogo jikansa ya koyi tsayuwa, yana kamawa yana faɗuwa, Dogo na cewa, "Ni da kai yanzu sai a hankali."

Bai ga tafiyar yaron ba. Zazzaɓi ya kwantar da shi, ya cika da hantsi wata ranar kasuwa.

Direbobin tasha sun zo gaisuwa da fasinjojinsu a cikin mota. Suka jera bas-bas a layin, injuna na aiki, suka shiga suka yi addu'a a tsaye. Matarsa ta kawo ruwa, ba wanda ya samu sha, don a waje har an fara danna ham.