Malam Kachi Ya Tafi a Motar Citta

Ranar Talata, 14 ga Nuwamba, 1995, Allah ya karɓi ran Malam Onyedikachi Obiora a Kafanchan, bayan doguwar jinya. Mu ɗalibansa Malam Kachi muke ce masa.

Malam, a kwatas ɗin reluwe aka haife ka, amma ka fi mu sanin hanyoyin ƙauyukanmu. Kai ka lura cewa kwalejin horon malamai da kake koyarwa tana jarrabawar shiga ne daidai lokacin tonon citta, sa'ad da babu manomin da zai saki ɗansa. Shi ya sa yaran gari kaɗai ke cika azuzuwa. Ka roƙi a sauya lokacin, aka yi maka dariya.

A 1988 ka zo ƙauyenmu, bayan Nok, a kan tsohon babur ɗinka. Babana ya ce in na tafi jarrabawar, wa zai tone masa citta? Ka cire takalmi, ka karɓi fartanyata, ka ce, "Baba, ga ɗan ƙodago. Bari Martha ta je." Na dawo na tarar da kai a gona, hannuwanka sun yi bororo. Da yawa ka yi wa haka kafina, har da Bartholomew.

Wannan Bartholomew ɗin, da ya zama mataimakin shugaban kwalejin, shi ya fara cewa baƙi su koma garinsu, 'yan ƙasa sun isa koyar da 'ya'yansu. Aka raba ka da aikinka. Kana kwance bai leƙo ba, amma ranar addu'a a coci ya fi kowa kuka, har da farin hankici. Ni na ji kunyar a madadinsa, tunda shi ba shi da ita.

Bisa al'ada, danginka suka ce sai an kai ka gabas, ƙasar kakanninka, a binne. Mama Eucharia, matarka, ta bi gidajen ɗalibanka masu motoci, kowa ya ce tasa tana wurin makaniki. Wani direba mai kai citta kudu ne ya tausaya. Babana, da tsufansa, yana cikin waɗanda suka ɗora akwatinka kan buhuna. Ya ce, "Wannan mutum ya yi mani aiki a gona. Kar a ɗaure shi kamar kaya." Amma hanya ba kyau, sai da aka ɗaure. An ce alheri gadon barci ne, kai buhunan citta aka shimfiɗa maka.

Ubangiji ya ji ƙanka, ya ba ka madawwamin hutu a wurinsa. Ya ta'azantar da Mama Eucharia da yara. Masu motoci kuma, Allah ya sa makaniki ya gama gyara kafin tasu ranar.