Malfar da Ta Shayar da Takwara

Shekaranjiya ina zaune a tsakar gidan jikata a Kazaure, sai warin dafaffiyar roba ya bugi hancina. Kan bulumboti, kwalbar shayar da jarirai, take tafasawa a 'yar tukunya, ranta a jagule, domin hutun haihuwarta ya kusa ƙarewa, za ta koma aiki, ɗanta kuwa ya kafe ba zai karɓi komai ba sai nonon uwarsa. Ni da aka kira in ba da shawara sai na tsinci kaina ina dariya ni kaɗai. Warin nan ya mayar da ni ƙauyenmu na bayan Roni, cikin wata kaka da aka yi albarkar gyaɗa.

Gidanmu gidan Fulanin zaune ne, masu noma da 'yan shanu kaɗan. Kakata ce mai gidan a aikace, ko da yake babana da ƙanensa, wanda muke kira Baffa, su ke da sunan. Matar Baffa ta haifi 'yar fari a farkon damina, aka sa mata sunan Kaka. Saboda haka babu mai iya faɗin sunan yarinyar a gidan, kowa Takwara yake cewa, yadda Kaka ke kiranta. Ni ce 'yar rainonta. Ban fi shekara goma ba, amma bayana ya san nauyinta fiye da na kowa.

Kai mai karatu, in kai ɗan yanzu ne, sai na yi maka bayanin kunyar ɗan fari. A wurinmu uba ba ya ɗaukar ɗansa na fari, ba ya yi masa wasa, ba ya ko kallonsa a gaban manya. In aka shigo da Takwara ta wannan ƙofa, Baffa ya fita ta waccan. In ta yi kuka a gabansa, sai ya ɗaga kai yana duban sama kamar mai neman hadari. Na zauna a Maraɗi, na zauna a Kumasi da Jidda a shekarun da muka yi ta yawo da marigayi maigidana, na ga iyaye maza iri-iri, amma ban taɓa ganin wanda ya iya share ɗansa da gwaninta kamar Baffa ba. Har yabonsa ake yi a kai.

Ana cikin cirar gyaɗa sai ciwon nono ya kama matar Baffa. Aka yi na gida, bai ji ba. Malamin asibitin Roni ya duba, ya ce sai an kai ta Kazaure an kwantar da ita, kuma kada a wuce ranar kasuwa mai zuwa, ranar da mota ke shigowa. Ya ce yarinya ba za ta sha nonon ba sai an gama magani. Babu wata mai shayarwa a 'yan gidajen da ke kusa da mu. Baffa ya hau keke, ya dawo da yamma da gwangwanin madara da wani abu a ƙunshe cikin takarda. Ya ajiye a ƙofar ɗakin Kaka, bai ce na wane ne ba, ya wuce.

Wannan ne bulumboti na farko da ya shiga gidanmu. Na gilashi ne, mai kan roba ja. Mata suka zagaye shi, kowa na juyawa yana shinshinawa. Gwaggo, ƙanwar babana, wadda ta taɓa zama a Kano, ita ta nuna yadda ake tafasa shi da yadda ake ɗiga madarar a bayan hannu a ji ɗuminta.

Takwara ta dubi abin nan, ta tura shi waje da harshe, ta buɗe baki ta tsala ihu.

Haka aka yi ta fama. Uwarta ta gwada, yarinya ta juya kai tana lalubar ƙirji. Innata ta gwada da waƙa da jijjiga. Gwaggo ta ɗumama robar, ta ƙara wa ramin faɗi da allura, madara ta kwararo wa Takwara a wuya, ihu ya ƙaru. Da ludayi ake ɗan ɗura mata abin da ya samu, rabi a ciki rabi a zane. Kumatunta suka fara faɗawa. Matar Baffa kuwa, ita ma kunyar 'yar fari ta hana ta cewa saboda 'yarta ne. Abin da kawai take faɗi, zazzaɓi na kaɗa ta, shi ne, "Ni na ji sauƙi, ba sai na je ba." Kowa ya san fassarar maganar. In Takwara ba ta karɓi bulumboti ba, uwarta ba za ta hau motar nan ba, nonon kuma kullum ƙara kumbura yake.

To, akwai abin da ni kaɗai na sani a gidan. Tun Takwara na 'yar mitsitsiya, kullum da hantsi in na goya ta na zaga bayan rumbu, inda Baffa ke ɗaure bijiminsa, sai ya waiga hagu da dama ya ce, "Ke, sauke kayan nan ki huta." Kaya yake ce mata. Sai ya karɓe ta, ya kwantar da ita a hannunsa, ya lanƙwasa ɗan yatsansa ya sa mata gaɓar a baki tana tsotsa, yana yi mata irin gunjin da yake yi wa maraƙi. Ladana soyayyiyar gyaɗa ce cike da tafi, da sharaɗin bakina ya mutu.

Ranar jajiberin kasuwa, da hantsi, Gwaggo ta gaji ta dangwarar da bulumbotin a kan tabarma, ta ce in fita da yarinyar nan ko kunnuwan mutane sa huta. Na goya ta, na soke kwalbar a ƙugun zanena don kada kaji su kifar da ita, na nufi bayan rumbu. Baffa na zaune a kan tarin harawar gyaɗa, da malfarsa a ka. Bai ko waiga ba wannan karon, ya miƙo hannu. Ya ba ta gaɓar yatsa, ta cafke tana ajiyar zuciya. Ya daɗe yana kallon kwalbar da ke ƙuguna, sannan ya ce, "Miƙo min wannan." Ya zura kan robar a gefen yatsansa a hankali, yana ta gunjinsa, ya zare yatsan. Takwara ta ɗan tsaya, ta ɗaga ido ta dube shi. Sai muka ji ƙwat, ƙwat, ƙwat, kumfa na tashi a cikin gilashi.

Shirun ne ya tona mana asiri. Gidan da ya saba da ihu ya yi tsit, hankalin Kaka ya tashi, ta zaci wani abu ya sami yarinyar. Sai ga ta ta zagayo da sandarta, Gwaggo da Innata a bayanta, har da matar Baffa tana dafa bango.

Ban taɓa ganin babban mutum ya shiga uku irin ta ranar ba. In ya tashi ya gudu, yarinya za ta saki abin da aka yi kwanaki ana roƙonta ta kama. In ya zauna, ga mahaifiyarsa tsaye a kansa, ga 'yar fari mai sunanta a hannunsa. Sai ya sunkuyar da kai, malfar ta zamo ta rufe masa fuska har haɓa, ya ƙame kamar gunki. Hannun da ke riƙe da kwalbar dai bai motsa ba.

Gwaggo ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa. Ta buɗe baki za ta yi tsiya, Kaka ta ɗaga mata sanda.

"Wa kika gani?" in ji Kaka.

"Inna, ai ga Yaya nan..."

"Idonki ya fi nawa kyau ke nan. Ni ban ga kowa ba. Malfa na gani tana ba takwarata abinci. Allah ya yi wa malfar nan albarka." Ta juya ga matar Baffa. "Ke kuma je ki haɗa kayanki, gobe mota."

Aka tafi da matar Baffa washegari, Gwaggo ta bi ta jinya. Duk tsawon zamanta a asibiti, in yunwa ta taso wa Takwara sai Kaka ta ƙwala min kira, "Ke, a kai ta wajen malfa!" Ko babana, da ya fi kowa ɗaure fuska, in zai aike ni gona yakan tambaya ko malfa ta gama aikinta. Baffa bai taɓa zaman shayarwar nan babu malfar a ka ba, ko da a inuwa ne. Matarsa ta dawo lafiya bayan an kai gyaɗa gida, ta tarar da 'yarta da kumatu kamar an hura.

Daga baya na ji likitoci a wurare da dama suna koyar da abin da muka tsinta a bayan rumbu: jariri in yana jin ƙamshin uwarsa, ko yana kwance a ƙirjin mace, nono yake jira, sai a miƙa kwalbar ga wani wanda ya saba da hannunsa. A Maraɗi bibiro suke ce wa kwalbar, yaran yanzu fida suke cewa, amma taurin kan jarirai iri ɗaya ne ko'ina. Takwara yau tana garin Gwiwa da jikokinta. Har Baffa ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunanta ba, ita kuwa ba ta taɓa shakkar wanda ya fi sonta a duniya ba.

Shi ya sa na ce wa jikata ta miƙa ɗan ga ubansa, ita kuma ta shiga maƙwabta ta sha hira. Mijin nata, ɗan fari ne fa a hannunsa, ya karɓe shi a gabana ba ko gezau, ya zauna a kujera yana kiran sunansa, har yana roƙona in ɗauke su hoto a waya. Jaririn ya yi ƙorafinsa, ya tura, ya sake turawa, can sai na ji ƙwat, ƙwat. Na ɗauki hoton, na miƙa masa wayarsa. Sannan na ga kaina na ja mayafi na kawar da fuska gefe, domin a gidan nan ya kamata a ce wani ya ji kunya, kuma babu mai malfa.