Uwar da Kyamarata Ta Bari a Waje

Assalamu alaikum Edita, da sauran masu karatu. Ina roƙon ɗan fili in faɗi wani abu da ya same ni, ko in ce wanda na jawo da hannuna.

A shekarun da nake magana ni mai hoto ne a Jega, ina da ɗan shago kusa da tasha. Aikina fasfo ne da hoton suna da na biki, ranar kasuwa kuma in leƙa kara, kasuwar shanu, in ɗauki dillalan da ke son a gan su tsaye kusa da bijimi. Ina da wata ƙaramar kyamara da ta yi mini shekara shida ba ta taɓa ba ni kunya ba. To amma ni mutum ne mai son a ce masa gwani. Tun ranar da na ga wasu samari daga Birnin Kebbi sun zo biki da manyan kyamarori, irin waɗanda muke kira ful-firem, na raina tawa. Su farantin da ke karɓar haske a cikinsu babba ne, hoto ya fito garau, ya kuma ɗebo wuri da faɗi. Sabuwa ta fi ƙarfina, sai na sayi ta hannu wurin wani mai kawo su daga waje. Ba zan ɗora masa laifi ba. Ya nuna mini allon bayanta ya dushe, ba a ganin komai a kansa in da rana. Ya kuma ce idon tsohuwar kyamarata, wato gilashin da ake ɗaurawa a gaba, zai shiga bakin wannan amma ba nata ba ne, in nemi wanda aka yi dominta. Na ce to. A raina kuwa na ce ɗan kasuwa ke nan, so yake ya ƙara ɗora mini wani kayan.

Kwana huɗu na yi ina gwada ta. Na ɗauki babur ɗina, na ɗauki mai shayin ƙofar shago, na ɗauki wani mai albasa da ya sauka daga Aliero, duk suka fito kamar ka yi musu magana su amsa. Kowanensu shi kaɗai ne a tsakiyar hoto, shi ya sa ban ga komai ba. In na sa ido a mahangarta nakan ga wani siririn layi mai kusurwa huɗu a ciki, na ɗauka tabo ne irin na kayan hannu. Ban tambayi kowa ba. Ina ni ina tambaya, bayan na gama zagaye garin da ita rataye a wuya?

Ran kwana na biyar wani saurayi ya zo shagon. Ɗan Liba ne a ƙasar Maiyama, ya gama karatu a Aliero, za a yi masa 'yar walima a gida. Ya aro rigar kammala karatu da hularta na yini ɗaya. Ya ce mini sauran hotuna duk in yi yadda na ga dama, guda ɗaya yake nema, shi da innarsa. Shi ne ɗan farinta, ita kuma Bafulatana ce mai riƙon al'ada. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba tun da ya yi wayo, balle a ce hoto. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, da nono da man shanu ta yi masa makaranta. Ya ce ba ya sa ran za ta yarda, amma goggonsa ta yi alkawarin fito da ita ko da na ƙiftawar ido ne, saboda haka in kasance a shirye. Na ce ya kwantar da hankalinsa, har na ɗaga masa kyamarar na ce wagga ba ta kuskure.

Ranar walimar, bayan La'asar aka jera a tsakar gida, shi a tsakiya da riga da hula, kawunnai da ƙanne a gefensa. Aka daɗe ana lallami a ɗaki kafin goggon ta jawo innar. Doguwa ce, siririya, ta ja mayafi har goshi. Aka ce ta matso kusa da ɗanta, ta ƙi. Ta je can ƙarshen layi ta hannun dama ta tsaya, ta bar fili tsakaninta da na kusa da ita. Goggon ta yi mini alama da ido cewa iyakar abin da za a samu ke nan. Na ja baya, na leƙa, na gan ta a ciki tun daga kai har ƙafa. Na danna sau biyu. Kafin in sauke kyamarar ta shige ɗaki, mata suna ta dariya suna tsokanarta. Saurayin bai waiwaya ya dube ta ba ko sau ɗaya, shi ma kunyar ta riƙe shi, ni kawai yake kallo. Da aka watse ya tambaye ni ko an samu, na ce an samu.

Washegari da safe na zuba hotunan a kwamfuta. Saurayin ya fito fes, kawunnai sun fito, ƙanne sun fito. Ita babu ita. A bakin hoton ta dama akwai wani ɗan sili na shuɗin zane, faɗinsa bai wuce yatsa biyu ba, shi ke nan. Na buɗe na biyun, haka. Na kira wanda ya sayar mini, ya ce ai ya faɗa mini. In aka ɗaura mata ƙaramin ido, abin da ke cikin siririn layin nan na mahanga kawai take ajiyewa, na wajensa ka gani da idonka amma bai shiga katin ajiyar hoto ba. Na ce ko akwai dabarar dawo da shi, ya ce abin da ba a ɗauka ba me za a dawo da shi.

Nan ne ainihin laifina ya fara, domin na farkon jahilci ne kawai. Saura kwana shida saurayin ya tafi bautar ƙasa. Daga Jega zuwa Liba kuwa ba wata tafiya ba ce a kan babur. Da na je ranar na faɗi gaskiya, goggon da ta fito da ita sau ɗaya za ta iya sake fito da ita, ko babu riga da hula. Sai na zauna ina tunanin abokan sana'a da na gama yi wa cika baki, da yadda zancen zai zagaye tasha kafin Azahar. Na tura masa sauran hotunan ta waya, na ce wancan na musamman ne, babban firam zan sa masa. Ya yi godiya ya tafi. Sau biyu ya kira ni daga kudu, na ce firam ɗin bai iso daga Sakkwato ba. Shirina shi ne in ya zo hutun Sallah in ce kati ya lalace, mu sake. Har na sayi idon da ya dace, ina jin na gyara komai.

Bai kai ga zuwa hutun ba. Da damina zazzaɓi ya kama innar tasa, kwana uku ta rasu.

Bayan an share makoki ya shigo shagon, ya rame, ya gaishe ni a natse, ya ce ya zo karɓar hoton ko da babu firam. Na jawo masa kujera, na buɗe kwamfutar, na faɗa masa komai, har da kwana shidan da ƙaryar firam. Na yi zaton zai zage ni, wallahi da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya daɗe yana kallon allon. Ya ce in ƙara masa girman gefen dama, na ƙara. Ya ce ya gane zanen, shi ne wanda take ajiyewa a ƙasan akwati, ba ta ɗaura shi sai ranar Idi, ashe ta ɗaura shi ran nan. Sai ya ce shi bai dube ta ba, na layin ma duk gabansu suke kallo, ni kaɗai ne na tsaya ina fuskantarta. Ya roƙe ni don Allah in faɗa masa yadda fuskarta take a lokacin.

Ni kuwa a lokacin haske nake aunawa, ina sauraron ƙarar sabuwar kyamarata, ina lura da wa ke kallona da ita. Na ga mayafi, na ga tsayinta, fuskar ban riƙe ba. Na ce masa murmushi take yi. Ya gyaɗa kai, ya ce Alhamdulillahi, ya sa na wanke masa hoton a yadda yake, ya naɗe shi a takarda ya fita. Ban sake ganinsa ba.

Har yau ina sana'ar, da kyamarar nan ma nake aiki, lafiyarta ƙalau. Abin da zan ce wa 'yan'uwana masu hoto da duk mai sana'ar hannu shi ne, kada ka koyi sabon kayan aiki a kan ranar da ba za ta maimaitu wa wani ba. In ka ga abin da ba ka gane ba, ka tambaya, ko da wanda bai kai ka ba ne. In kuma ka yi ɓarna, ka faɗe ta tun mai abin yana kusa kuma akwai sauran gyara. Kunyar da na guje wa ta mako ɗaya ce a tasha, shi kuwa abin da ya rasa ya rasa ke nan. Ina neman gafarar Allah da tasa. In ya ci karo da wannan rubutu zai gane kansa, kuma ya kamata ya ji daga bakina cewa zanen gaskiya ne, ta ɗaura shi dominsa. Murmushin kuwa ban sani ba.