Maginin da Ya Koma Fasa Simintinsa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 13 ga Mayu, 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Shitu magini a gidansa da ke Zongo, bayan jinyar wata biyu. Shekarunsa saba'in da ɗaya. Mun kai shi makwancinsa bayan azahar. Ni Illiya, mai sayar da atamfa a kasuwar Rood Woko, katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa.

Malam Shitu, ba zan ce mun shaƙu ba. Muna gaisawa, muna tsayawa sahu ɗaya a masallaci, amma akwai magana guda da ta tsaya tsakaninmu shekara goma sha biyar.

Al'adarmu ce a nan, in mutum ya tafi Makka, kafin ya dawo iyalinsa sun sa an shafe tsakar gida da ƙofar gida da siminti, don kada masu zuwa barka da sauka su taka taɓo. Kai ne mai wannan aiki. Rabin ƙofofin layinmu hannunka ne, har da tawa, shekarar da na sauke farali. Aikinka ba ya tsagewa, kuma ka san haka.

Sai mamakon ruwan saman ɗaya ga Satumba, 2009, ya zo. Gidan Lassane, wanda ke can gangaren layi, ya zube. Ba a rasa rai ba, amma bai fita da komai ba sai iyalinsa. Kana tsaye kana kallon ruwa yana tsalle daga wannan daɓe zuwa wancan, babu inda zai nutse. Ka juyo ka ce mini, "Alhaji, ruwan nan ni na shimfiɗa masa hanya." Na ɗauka ruɗewa ce.

Bayan kwanaki ka hau kekenka ka bi kwatar layinmu har inda take zuba a baraji, tafkin da ke arewacin gari. Ka dawo kana ba da labarin leda da baƙin man inji a bakin ruwa, da kifayen da suka juya ciki sama, balbela na tsaye ta ƙi taɓa su. Ka ce abin da muke watsawa a ƙofarmu shi kadojin dajin da ke ƙasan tafkin suke sha. Mutane suka yi dariya, wai Shitu ya samu dangi a cikin ruwa.

Daga nan ka ɗauki guduma kana bin gidajen da ka yi wa aiki. Taku biyu kawai kake roƙo a kowace ƙofa. Ka fasa, ka haƙa, ka zuba tsakuwa da ƙasa, ka dasa dogon yaro ko tsamiya, ka kewaye da ƙaya saboda awaki. Aka sa maka suna Shitu Mai Ɓarna, kana amsawa. Gida ashirin da uku suka yarda. Yau masu gyaran babur da mata masu tuyar ƙosai a inuwarka suke sana'a, kuma yawancinsu ba su san wanda ya dasa ba.

Ni na ƙi. Ƙofata ce mafi faɗi, ita ce a saman layi, kuma ruwanta kai tsaye yake gangarawa ƙofar Lassane, wanda ya sake gini da ƙyar. Na san da haka. Amma daɓen hajjina ne, ban so a taɓa shi ba. Kowace shekara in bazara ta ƙare sai ka zo da ɗan itace a gwangwani.

"Alhaji, taku biyu ne fa."

"Malam, sai baɗi in Allah ya kai mu."

Sai ka ɗauki gwangwaninka ka kai wata ƙofa. Ba ka taɓa ɗaga mini murya ba, ba ka kuma kai ƙarata wurin liman ba. Da na je duba ka a kwanakin jinya, lafiyar iyalina kawai ka tambaya. Wannan shirun ya fi damuna.

Ranar addu'ar uku, 'yarka Munira ta yi sallama a zaurena, guduma a hannu ɗaya, gwangwani a ɗaya. Ta ce, "Baba ya ce a kawo maka, Alhaji. Bai ƙara komai ba."

Ranar Asabar na fita da kaina. Tun safe nake dukan wuri ɗaya, sai kusan azahar ya tsage, tafin hannuna duk ya ɗuri ruwa. Lassane ya kawo tsakuwa a baro ya zuba a ramin, na dasa itacen, kunya ta hana ni kallonsa. Da aka yi ruwan farko na tsaya a zaure na ga ramin yana sha. Wani ruwan ya wuce ƙasa duk da haka, amma bai kai dokin ƙofar Lassane ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka Hajiya Fatsuma, da 'ya'yanka Munira da Abdulhafiz, da dukan mutanen layinmu. Allah ya ba ku haƙuri. Allah ya jiƙan Malam Shitu, ya gafarta masa, ya sanyaya makwancinsa, ya rubuta masa ladar kowace inuwa da kowane tsuntsun da ya sauka a kanta. Ni kuma Allah ya yafe mini baɗin da na yi ta ba shi, har sau goma sha biyar, ga shi ta zo ba ya nan.