Fitilar Yayata a Siton Onarabul

A shekarun da aka dawo da shari'a a Kano, maƙwabcinmu a Nassarawa GRA ya ci zaɓen majalisar jiha, aka koma kiransa Onarabul. Tun daga ranar ya tsayar da gemu, ya ɗage wando, ya kuma daina cin abincin kowa, don ya haƙiƙance 'yan adawa na neman sa masa guba.

Yayata malamar kimiyya ce a jami'a. Aikinta a kan wasu ƙwayoyi ne ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani, waɗanda ake narkawa a ruwa. In aka ɗiga ruwan a abinci aka haska da wata fitila mai shuɗin haske, sai ya yi ƙyalli matuƙar akwai guba. Direban Onarabul ya kai masa labarin, ya ƙara gishiri, wai tana da ruwan tona asirin maƙiya.

Ya aiko a kira ta. Ni na raka ta, don ya ce yanzu ba ya ganawa da mace sai da muharraminta. Muka shiga sito da hantsi aka rufe tagogi. Ta gwada zumar da shugaban jam'iyya ya aiko, da dambun naman surukai, da kilishin abokin takararsa. Babu abin da ya yi ƙyalli, sai na ga ransa ya ɓaci.

Nan kukunsa, wani dattijo mutumin Jigawa, ya roƙi a gwada buhunan masarar zakka da aka jibge tun bara ana jiran 'yan talabijin su zo a raba. Tana ɗigawa ta haska, sai ga ƙyalli kore shar. Ta ce fumfuna ce ta kama masarar, gubarta kan ci hanta ta lalata ƙwayoyin halitta, lallai a ƙone ta.

Onarabul ya dubi buhunan.

"Dakta, da rana ma tana wannan hasken?"

"A'a Alhaji, sai da fitilar."

Ya yi hamdala, ya ce a buɗe tagogi.

Da muka dawo yayata ta gaya wa mahaifiyarmu, ita kuma ta faɗa a Islamiyya, kafin Juma'a maganar ta kai Gawuna da Kaura Goje. Ranar rabo babu wanda ya zo sai 'yan talabijin. Onarabul ya sa aka cinna wa buhunan wuta a gabansu, yana hawaye, ya ce 'yan adawa ne suka zuba wa haƙƙin talakawa guba.

Aka yi ta yabonsa a rediyo. Kukun kuwa aka sallame shi a makon, ya dawo gidanmu, ya yi mana girki har tsufa ya mai da shi gida.