Yatsan Malam Abdulkabir

Duk wanda ya san Malam Abdulkabir mai injin sussuka a ƙauyukan gabashin Tsanyawa ya san mutum ne mai kirki, kuma ya san bakinsa ba ya hutawa. In ka gaishe shi da hantsi, to ka nemi wurin zama. Ɗan malamai ne, ya taso a zauren da babba ke magana kowa na saurare, shi ma ya ɗauki hanyar, sai dai shi a kan bel da man inji yake nasa wa'azin.

Injinan dawa uku yake da su, kowanne da mutanensa, da kaka suna bin gonaki. Matsalarsa sabis ɗin waya, don akwai gonar da sai ka hau tsauni kafin kira ya shiga. Sai ya hau mota ya tafi Kano neman oba-oba, irin wadda masu gadi ke ratayawa. A gaskiya bai yi rowa ba. Ya ƙi ƙanana masu araha, ya ɗauki huɗu masu dogon eriya da batirin da ke wuni. Mai shagon ya nuna masa ƙa'idar: ka danna ka yi magana, ka saki ka saurara, muddin yatsanka na kai ba wanda zai iya shigowa. Shi ya sa aka saita ta ta katse mutum in ya wuce minti ɗaya.

Minti ɗaya, ga Malam Abdulkabir? Ko gaisuwa bai gama ba take yi masa ƙara ta ɗauke. Kwana uku ya haƙura, a na huɗu ya koma Kano ya ce a cire masa wannan rashin kunyar. Mai shago ya ba shi shawara ya bar ta, ya ƙi, aka cire.

Abin ya faru ranar kasuwa, gari ya watse. Dabo, dattijon cikin ma'aikatansa, yana gonar Hure da inji. Hure tsohuwa ce, mijinta ya rasu, kuma dammunan da aka tara ranar su ne abincinta na shekara, har da wata jar dawa da marigayin ya shekara talatin yana ware irinta. Tartsatsi ya fita daga salansar injin ya faɗa kan ƙaiƙayi. Dabo da mutum biyu suka bi wutar da ganye tana guje musu. Sabiru, mai injin na biyu, yana bayan gari da mutum shida da jarkokin ruwa a amalanke, tafiyar minti uku a babur. Dabo ya finciko oba-oba ya danna, ya danna, ba hanya.

A lokacin Malam Abdulkabir yana kishingiɗe a gindin darbejiyar ƙofar gidansa, yana yi wa wannan Sabirun faɗa ta oba-oba a kan bel ɗin inji da ya tsinke. Daga bel ya gangara kan amana, daga amana ya shiga labarin yadda ya fara sana'a da keke. Da ya saki yatsa, muryar Dabo ce ta faɗo a shaƙe, yana cewa a zo, ko da yake an riga an makara, wuta ta cinye dammunan.

Dabo ya rufa masa asiri. Duk wanda ya tambaya sai ya ce na'urar ce ba ta kai ba, gonar ta yi nisa. Malam Abdulkabir ya ji ana ta zagin kayan zamani, ya bar laifin a kan na'ura. Ya cika wa Hure rumbu da dawarsa, mutane suka yi ta sa masa albarka, kowace albarka tana sukarsa. Kunya ta hana shi barci, ta rage masa cin tuwo. Ya koma Kano aka mayar da saitin minti ɗaya, amma ko rabinsa ya daina kaiwa, har Sabiru ya fara tambaya ko Malam ba shi da lafiya.

Da damina ta gabato ya ga Hure tana bin gidaje tana tambaya ko wani ya taɓa karɓar irin jar dawar nan a wurin mijinta. Ba a samu ba. Ranar ya kasa daurewa, ya je ya yi sallama, ya durƙusa a soro. Ya shirya dogon bayani a hanya, da ya buɗe baki duk ya gudu.

"Inna, na'urar nan lafiyarta ƙalau. Ni ne na riƙe ta ban saki ba."

Hure ta gyara mayafi, ta dube shi ba tare da fushi ba, abin da ya fi yi masa ciwo ke nan.

"Ai na sani, Abdulkabir. Ina tsaye kusa da Dabo. Dawata na ci da wuta, kai kuma muryarka na fita tas, kana ba da labarin kekenka. Na ji shi har ƙarshe."